Fitilar Birki Ta Ƙi Mutuwa: Daga Ina Za A Fara Nema?

Idan jajayen fitilun bayan mota suka ci gaba da ci bayan an ɗaga ƙafa daga birki, ko ma bayan an kashe inji an zare makulli, mafi yawan lokuta matsalar ba a baya take ba. Tana gaba, ƙarƙashin sitiyari, can saman fedar birki, inda sai mutum ya durƙusa da tocila zai gani. Mutane da yawa kan fara da kwance gidan fitila, su sauya ƙwai, wasu har su datse waya, alhali abin da ya lalace bai fi girman maɓallin riga ba.

Sai dai a fara tantance wace fitila ake magana. Akwai fitilun birki na bayan mota, waɗanda na biye da kai ke gani. Akwai kuma jar alamar da ke kan dashbod, mai alamar motsin rai a cikin da'ira ko rubutun BRAKE. Sunansu ɗaya a bakin mutane, amma hanyarsu daban, abin da ke kunna su ma daban. Zan fi daɗewa a kan na baya, sannan in taɓo ta dashbod daga ƙarshe.

Me ya sa ba a barin ta sai gobe

A yawancin motoci wutar fitilar birki ba ta bi ta makulli. Daga batir take zuwa fiyus, daga fiyus zuwa siwic ɗin feda, daga nan ta wuce baya. Shi ya sa za ka iya taka birki mota a kashe fitilu su kama, kuma shi ya sa idan suka maƙale ba abin da zai kashe su sai batir ya ƙare. Lissafin ba wuya. Ƙwan birki na gargajiya wat 21 ne. Guda biyu wat 42 ke nan, wato kusan amfiya 3.5 a kan bolt 12. Idan fitila ta uku da ke saman gilashin baya ita ma mai ƙwai ce, jimillar ta doshi amfiya 5. Batir mai ƙarfin 60Ah tun kafin ya ƙare gaba ɗaya zai kasa juya inji, don haka dare guda ya isa a wayi gari mota ta ƙi tashi. Ga kuma zafi. Ba a yi ƙwan wat 21 don ya yi awanni yana ci ba, sai ya narkar da soket ɗinsa, wani lokaci har robar gidan fitilar ta lanƙwashe.

A kan hanya kuwa haɗarin ya fi haka. Wanda ke bayanka ba shi da hanyar sanin lokacin da ka taka birki da gaske, tunda fitilar tana ci tun ɗazu.

Idan dare ya yi kuma ba halin gyara, a zare fiyus ɗin da aka rubuta wa STOP, yawanci mai amfiya 10 ko 15, ko a kwance wayar negatif ta batir, wadda galibi sifana 10 ke kwance ta. Wannan dabarar kwana ce kawai. Ba a hawa titi da fiyus a zare, kuma a mota mai giyar otomatik ma sandar giya za ta iya ƙin fita daga P.

Yadda siwic ɗin yake aiki

Wanda ya fahimci wannan ya gama rabin aikin. Siwic ɗin birki yana da ɗan tsinke mai sifirin a ciki. Lokacin da feda ke sama a hutawarta, ƙarfen fedar yana danne tsinken, wuta ta yanke. Da an taka, feda ta yi nesa da shi, tsinken ya fito, wuta ta wuce. Tamkar fitilar cikin firij ce: ƙofa na rufe tana danne maɓallin, tana buɗewa fitila ta kama. Ma'ana, ba taka birki ne ke danna siwic ba, sakinsa yake yi. Saboda haka duk abin da ya hana feda danne tsinken har ƙarshe zai bar fitila a kunne.

Gwajin farko ba ya buƙatar kayan aiki. A sa wani ya tsaya a baya, ko a juya bayan motar ga bango don a ga jan hasken ta madubi. Sai a sa hannu ko saman ƙafa a ƙarƙashin feda a jawo ta sama da ƙarfi. Idan fitila ta mutu, to siwic yana da rai, feda ce ba ta komawa daidai ko kuma saiti ya goce. A duba kafet ko ya turu ya tokare ta, a duba sifirin da ke mayar da feda ko ya tsinke ko ya zame daga maƙalinsa, a motsa fedar a ji ko sandar da take lilo a kai ta yi tsatsa. Ɗan mai a wurin yakan wadatar. Idan feda ba ta dawowa da kanta duk da sifirin yana nan lafiya, zancen ya koma kan masta (famfon da ke tura man birki) ko bustan birki (abin da ke ƙara wa feda ƙarfi), wannan kuwa aikin bakanike ne, ba na wayarin ba.

Robar da ke ruɓewa

Idan an ja feda sama fitila ba ta mutu ba, kafin a taɓa komai a haska kafet ɗin gefen direba. Ana neman ɓaraguzan roba ƙanana, shuɗi, fari, ruwan ɗorawa ko baƙi, masu murmushewa idan an matsa su da yatsa. In an gan su, an gano ɓarawon.

A motoci da yawa, musamman na Honda, Toyota, Nissan, Hyundai da Kia, tsinken siwic ba ya taɓa ƙarfen feda kai tsaye. Akwai rami a jikin wani ɗan faifan ƙarfe da ke manne da fedar, an toshe ramin da wata ƙaramar roba, ita tsinken ke dannawa. Shekaru da zafi suna busar da ita, rana ɗaya ta farfashe ta zube. Daga nan tsinken sai ya riƙa zurawa ta cikin ramin bai taɓa komai ba, siwic ya ɗauka an taka birki har abada. Abin ba ƙarami ba ne, don a 2015 kamfanin Hyundai ya yi kiranyen motocin Sonata na 2011 da 2012 sama da 300,000 a Amurka saboda wannan robar, a 2017 kuma ya sake yin haka da Elantra na 2013 da 2014.

A tabbatar da ido. A tura kujera baya, a kwanta rigingine a haska sama, a danna feda da hannu, a dubi daidai inda bakin tsinken ke sauka. Idan rami ne fayau, shi ke nan. Don ƙarin tabbaci a danna tsinken da yatsa, na baya zai ce fitila ta mutu.

Sa sabuwar robar minti biyar ne idan an san dabarar. Feda takan yi tauri idan inji a kashe yake, don haka a ja birkin hannu, a sa giya a P ko furi, a tayar da inji a wuri mai iska, sai fedar ta yi laushi ta nutse da hannu ɗaya. Da ɗaya hannun a cusa wutsiyar robar cikin ramin ta ɓangaren da ke fuskantar siwic, a matsa har ta ce ƙas. Idan yatsa bai kai ba, a ɗora ta a bakin ramin a saki feda a hankali, sannan a jawo ta sama, ita da kanta za ta tura ta ciki. A sayi biyu ko uku, domin fedar kuloc ma takan zo da irin wannan robar, kuma sa'annin juna ne, in ɗaya ta tafi ɗayar tana hanya.

Idan ba a samu robar nan take ba, gajeren noti mai kauri milimita 6 ko 8 yana toshe ramin: kansa ya fuskanci siwic, a ɗaure shi ta baya. Wasu kan manna tsabar kuɗi da gam ko salatif, amma zafi yakan sake gam ɗin, kuma ranar da ya faɗi ba sanarwa zai yi ba. Noti ya fi, sai dai a lura da kaurin kansa. In ya fi robar asali kauri sosai zai hana feda komawa ƙarshe, kuma illar hakan tana nan tafe a ƙasa.

Idan roba tana nan lafiya

Yanzu sai a zare soket ɗin da ke bayan siwic. Wannan gwajin shi ke raba hanya biyu. Fitila ta mutu? Matsalar tana jikin siwic ko saitinsa. Ta ci gaba da ci? Wuta tana shigowa ta wata hanya, siwic ba shi da laifi. Akwai togiya guda: a wasu sababbin motoci da ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, ke sarrafa fitilu, da gangan aka tsara cewa idan siginar siwic ta ɓace fitilun su kama, don haka a irinsu zare soket ba ya yanke hukunci. Na'urar bincike ake jonawa a duba ko ƙwaƙwalwar tana ganin birki a take ko a sake.

Gwada siwic mai ƙafa biyu abu ne mai sauƙi. A sa mitar auna wutar lantarki a kan gwajin haɗuwar waya, wanda ke ƙara, a ɗora tsinkayenta a kan ƙafafun biyu. Tsinken siwic a waje, mita ta yi ƙara. An danna shi ciki, ta yi shiru. Idan tana ƙara ko an danna ko ba a danna ba, ƙarafan ciki sun narke sun manne, sai sabo. A danna a saki sau goma ko fiye, don wani siwic ɗin sai jefi-jefi yake maƙalewa. Mai ƙafa huɗu siwic biyu ne a gida ɗaya: biyu na fitila, biyu na ƙwaƙwalwar inji, kuma galibi aikinsu kishiyar juna ne, idan waɗannan sun haɗu waɗancan sun rabu. Idan suka daina jituwa mota takan ajiye lambar matsala da na'urar bincike ke karantowa, P0504, wasu kuma P0571. Sababbin motoci da dama ba su da ƙarafan da ke haɗuwa kwata-kwata, na'urar maganaɗisu ce ke auna motsin feda, ita kuwa mita ba za ta yi mata ƙara ba ko da lafiyarta ƙalau.

Akwai alamun da ke rakiyar wannan matsala waɗanda ba kowa ke danganta su da ita ba. Sandar giyar otomatik ta riƙa fita daga P ba tare da an taka birki ba. Mota mai maɓallin tayarwa ta tashi ƙafa ba ta kan feda. Na'urar riƙe gudu ta ƙi kamawa. Fitilar ABS, na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki, ko ta hana santsi ta fito. A wasu motocin ma inji ya riƙa yin sanyi idan an ba shi wuta, domin ƙwaƙwalwa tana ganin birki da totur a take lokaci guda, ita kuma an koya mata ta fifita birki. Duk waɗannan sukan tafi da kansu da zarar siwic ya daidaita.

Saiti, wurin da ake yawan ɓata aiki

Siwic iri biyu aka fi gani. Na farko mai zare ne kamar noti, da wani noti na kulle shi, a motoci da yawa sifana 14. Ana zare soket tukuna don kada waya ta murɗe, a sassauta notin kullewa, a juya siwic ciki har tsinkensa ya shige, sannan a dawo da shi baya kaɗan don a bar 'yar rata tsakanin bakin zaren da robar feda. Ratar ta bambanta daga mota zuwa mota, daga ƙasa da milimita 1 zuwa wajen milimita 2, littafin motar ne ke da ainihin adadin. Na biyu kuwa murɗa-ka-zare ne: a murɗa shi kaɗan hagu ya fito, a riƙe feda a sama, a tura sabon har ya taɓa, a murɗa dama ya kulle, shi da kansa zai ɗauki ratarsa. Wasu daga cikin irin wannan, kamar na wasu motocin Volkswagen, sau ɗaya tak suke saita kansu, don haka a karanta takardar da ke cikin kwalin kafin a fara wasa da tsinken.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne a cusa siwic ciki fiye da kima don a tabbatar fitila ta mutu. Za ta mutu kam, amma yanzu siwic ya tokare feda, ba ta komawa ƙarshe. Cikin masta akwai ɗan ƙaramin rami da man birki ke komawa tanki ta cikinsa idan an saki feda. Feda ta ɗan nutse ko da milimita kaɗan ne, ramin ya toshe, mai ya kasa komawa. Ana tafiya yana ɗumama yana kumbura, birki ya fara kama ƙafafu da kansa, farantin birki ya yi zafi, mota ta yi nauyi, a ƙarshe ta iya tsayawa cak. Bayan kowane saiti a danna feda da yatsu a ji tana da ɗan wasa na 'yan milimita kafin ta fara tauri, kuma fitila ta kama tun farkon motsin, kafin birkin kansa ya fara riƙo.

Idan an zare siwic amma fitila tana nan

Nan ne aikin ke ɗan tsawo, amma shi ma yana da tsari. Tambayar farko: fitilar tana ci kullum, ko sai an kunna ƙananan fitilu? Idan sai an kunna su ne, a je kan ƙwai. Yawancin ƙwan baya zare biyu ne a cikin gilashi ɗaya, wat 5 na ƙaramar fitila da wat 21 na birki, irin su P21/5W ko 7443. Zaren ɗaya yakan tsinke ya faɗa kan ɗayan, wutar ƙaramar fitila ta tsallaka layin birki. Haka ma idan wani ya cusa ƙwai mai gindi ɗaya a soket mai gindi biyu, ko ya tilasta ƙwan ya shiga a juye, duk da cewa ƙusoshin gefensa ba a tsayi ɗaya suke ba don a hana hakan. Alamar da ke tona wannan ita ce, a taka birki a ga fitilun dashbod ko ƙananan fitilun gaba sun kama. A riƙa cire ƙwai ɗaya bayan ɗaya, wanda aka cire sauran suka koma daidai shi ne mai laifin. Ƙwayayen LED masu araha ma suna yin wannan tsallaken. A kuma dubi cikin soket, idan ya yi kore ko ya narke, ko wayar da ke kama jikin mota ta yi tsatsa, wuta za ta nemi hanyar komawa ta cikin wani zaren.

Kada a manta da fitilar hazo ta baya. Ita ma ja ce, ƙarfinta ɗaya da ta birki, kuma sau da yawa gefe ɗaya take. Idan fitila ɗaya ce tak ke haske sosai, a duba maɓallinta kafin a kwance komai.

Idan kuwa kullum take ci, a nemi rile (ɗan akwatin siwic da wuta ke kunnawa) na fitilar birki a akwatin fiyus, in motar tana da shi. A zare shi, ko a musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya. In fitila ta mutu, ya manne ne. Bayan shi sai waya. Wuraren da aka fi samun wayar birki ta goge ta haɗu da mai wuta su ne cikin robar da ke lanƙwashewa tsakanin jikin mota da murfin but, da duk inda aka taɓa yin ƙari: soket ɗin tirela, na'urar ƙararrawa, kyamarar baya, ƙarin fitilu. Duk inda aka ga salatif da ba na kamfani ba, a fara buɗe nan. Ƙwaƙwalwar da ke kula da fitilu ita ce ta ƙarshe a jerin zargi, kuma ban ga dalilin sayen ta ba sai an gwada an ga siginar siwic tana shiga daidai amma wuta tana fita ba bisa ƙa'ida ba. Sau da yawa ma ruwa ne ya shiga soket ɗinta.

Jar alamar dashbod

Abu uku suka fi kunna ta. Na farko birkin hannu: bai sauka duka ba, ko ɗan siwic ɗin da ke gindinsa ya maƙale. Waya ɗaya gare shi, a zare ta, in alamar ta mutu shi ne. Na biyu man birki ya yi ƙasa. A dubi tankin da ke kan masta, mai ya kasance tsakanin MIN da MAX. Amma kada a cika kawai a rufe bonet, domin man birki ba ya ƙonewa kamar fetur. In ya ragu a hankali, fad ne, wato takalmin birki, ya cinye, fistin ya fito waje, mai ya bi shi. Fad da ya rage milimita 3 ya isa canji, kuma da an sa sabo mai zai hau da kansa. In ya ragu da sauri, yoyo ne: a duba bayan kowace taya, da tiyo, da inda masta ya haɗu da busta. Feda mai laushi ko mai nutsewa a hankali tare da wannan alama na nufin a ajiye motar, ba a tuƙa ta zuwa gareji. Wajen ƙari a bi abin da aka rubuta a murfin tanki, DOT 3 ko DOT 4. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da su, kuma duk wanda ya ɗiga a fenti a wanke da ruwa nan take. Idan mai a cike yake amma alama ba ta mutu ba, abin da ke yawo a cikin tanki yana auna mai ne ya maƙale a ƙasa. A ɗan ƙwanƙwasa tankin, ko a zare soket ɗinsa a gani.

Na uku shi ne wanda ke ruɗa mutane: alamar birki da ta batir su fito tare inji yana aiki. A motocin Japan da yawa wannan ba birki ba ne, altaneto ne ya daina caji. A sa mita a kan batir inji na aiki, lafiyayyen caji yana ba da tsakanin bolt 13.5 da 14.5. In an ga 12 da 'yan kai, a duba bel da altaneto. Idan kuma jar alamar ta fito tare da ta ABS, na'urar da ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya ce ta daina aiki, tayoyin baya za su iya kullewa idan an taka da ƙarfi, sai a jona na'urar bincike a karanto lambar kafin a sayi komai.